Ya mutu a Amurka, yana aiki a Damana

Ranar 15 ga watan Yuni 2022 kamfanin Microsoft ya yi wa Internet Explorer sutura. Ba a ɓoye aka yi ba. Fiye da shekara guda kafin ranar sun shaida wa duniya cewa wannan abu da suka fito da shi tun 1995 kwanansa ya ƙare, kowa ya nemi madadinsa. A Koriya ta Kudu har wani injiniya ya biya kuɗi aka sassaƙa masa dutsen kabari don raha. To amma ku zo ƙasarmu, daga Damana zuwa Bonkuku zuwa Filinge, ku leƙa ɗakunan da ake cika takardun jama'a. Mamacin nan yana zuwa aiki kullum da safe, kuma akwai takardar da in ba ta hannunsa ba, ba ta wucewa.

Ƴan'uwa ɗalibai, rigimata da mu ce, mu da muka je Yamai muka yi shekara biyu ko uku muka dawo da waya mai sheƙi, muna cewa "ai mutanen ƙauye ba su iya ordinatar ba". Da mu, da manyanmu na ofisoshin birni da muka koyi maganar a bakinsu. Maganar ƙarya ce, kuma ƙarya mai amfani ga wanda ya yi ta, don tana ɗauke laifi daga kan wanda ya sa hannu a kwangila ta ɗora shi a kan wanda ba shi da bakin magana.

Kafin in ci gaba, kalma ɗaya. Abin nan da ake buɗewa a shiga intanet, irin su Chrome da Firefox da shi mamacin namu, ƴan Najeriya suna ce masa burauza, mu nan muna ce masa nabigater. Ni mashigi zan ce. Duk wanda ya taɓa kora shanu a dallol da damina ya san mashigi: wurin da ake ratsa ruwa. In mashigi ya zurfafa ko ya cike da laka, ba ka cewa saniya ce ba ta iya tafiya ba.

Ina da wani yaya, ɗan wan babana, sakatare ne a wani ofishi na yankinmu da ba zan faɗi sunansa ba. Kwamfutar da ke gabansa wani poroje ne ya kawo ta, shekarun baya, kuma ko lokacin ba sabuwa ba ce. Windows 7 ke kanta. Aiki biyu aka ɗora masa da intanet. Na farko tsohon rajista ne, inda yake shigar da sunayen mutane ya buga musu takarda. An gina shi ne da wata dabara ta Microsoft mai suna ActiveX, wadda babu mashigin da ya san ta sai Internet Explorer. Ka buɗe shi da Chrome, shafin zai fito, amma maɓallin bugawa ba ya motsi. Na biyu sabon shafi ne na aika rahoton wata, wanda aka gina wa mashigin zamani. Shi kuma da ka shiga sai ya ce mashiginka ya tsufa, ka yi mizajur. To da me za a yi mizajur ɗin? Microsoft ta janye hannunta daga Windows 7 tun 14 ga Janairu 2020. Chrome ya tsaya a lamba 109 a kan irin wannan inji tun farkon 2023, bai ƙara gaba ba kuma ba zai ƙara ba. Firefox ya tsaya a 115, masu shi sun yi ta ƙara masa wa'adi kaɗan-kaɗan kamar mai bin bashi da ya ji tausayi. Shafi ɗaya yana cewa sai tsoho, ɗayan yana cewa sai sabo, inji guda ne, mutum guda ne. Gaba kura, baya siyaki.

Ga wani abu da masu dariya ba su sani ba. A cikin kowace irin wannan kwamfuta akwai ɗan batiri, faɗinsa kamar dala goma, wanda ke riƙe agogonta in an kashe ta. In ya mutu, duk sadda kuran ya ɗauke, kwanan wata sai ya koma shekarun baya. Shafukan da ke da kariya kuwa kowanne yana ɗauke da takardar shaida mai ranar farawa da ranar ƙarewa, kuma mashigi yana duba ta da agogon injin. In inji ya ce yau muna 2009, duk wata shaida a wurinsa ta jabu ce, tunda ranar haihuwarta ba ta zo ba. Sai jan gargaɗi ya cika fuska, da Faransanci in an yi sa'a, da Ingilishi in injin daga can ya fito. Yayan nan nawa, ba wanda ya koya masa, ya gano cewa sai ya gyara agogo kafin ya buɗe komi. Kowace safiya haka yake yi: ya tada inji, ya duba kwanan wata a wayarsa, ya shigar da hannu, ya buɗe tsohon mashigi don rajista, ya rufe, ya kwashe rahoto a kile ya kai wurin wani mai sabon inji, ko ya yi ta fama da shi a ƴar fuskar waya. Na ce masa, yaya, wannan ai wahala ce. Ya ce: "Ƙanena, mi za ni yi? Su can sun ce ranar biyar ga wata rahoto shi iso. Ba su tambaya ta ina ya biyo." Wannan mutum ne ake cewa bai iya ba? Wallahi da yawanmu da ke zaune a amfi, in aka ajiye mu gaban injin nan, kafin azahar mun tashi.

Kada wani ya ce wannan ƙaramar magana ce ta masu son na'ura. Abin da ke bayan maɓallin da ba ya motsi shi ne takardar haihuwar yarinyar da za ta zauna jarrabawa, da dosiyen da ke da ranar rufewa, da albashin wanda ba a biya sai rahoto ya isa. In inji ya ƙi, abin da ake ce wa mutum shi ne ya tafi Filinge, ko Balayara, ko ma Yamai gaba ɗaya, wadda ke wajen kilomita 180 daga Filinge. Kuɗin mota daban, kwana daban, gona ko kasuwa da aka bari daban. Kuma dukanmu mun san hanyoyin jihar Tillaberi a shekarun nan ba hanyoyin da uwa ke sallamar ɗanta da kwanciyar rai ba ne. An ce an kawo intanet don a rage wa talaka tafiya. In ƙarshenta tafiyar tana nan, an kuma ƙara masa jiran rezo a kai, to an sayar da kare an sayi biri.

Yaya aka yi muka zo nan? Hanyar sananniya ce, kowa ya gan ta. Poroje ya zo da kuɗin shekara uku ko biyar. A ba wani kamfani kwangilar gina manhaja. Kamfanin ya gina ta da abin da ya fi masa sauƙi a lokacin, ya gwada ta a ofishinsa mai sanyi, a kan injinsa, da rezonsa. A yi bikin buɗewa, a raba riguna da huluna, a horar da sakatarori kwana uku. Poroje ya ƙare. Kamfani ya tafi da asalin rubutun manhajar a aljihunsa, babu layi ɗaya a kasafi na wanda zai riƙa kula da ita. Shekara goma bayan haka duniya ta sauya mashigi sau ɗari, ita tana nan inda aka bar ta. Wani sabon poroje kuma ya zo da nasa shafi, bai tambayi wane inji ke ƙasa ba. Ga shi kuwa ranakun nan ba gaibu ba ne. Microsoft tana buga ranar da za ta janye daga kowane Windows shekaru kafin ranar. An san XP zai ƙare 8 ga Afrilu 2014, an san na 7 zai ƙare 2020, an san na 10 zai ƙare 14 ga Oktoba 2025. Wanda ya sa hannu ya karɓi manhaja ba tare da ya tambayi wa zai ɗauke ta in ranar ta zo ba, shi ne bai iya ordinatar ba, ko da digiri nawa gare shi.

Kyautar tsofaffin injuna ma sai mun yi maganarta, ko da za a ce ba mu da godiya. Ofis a Turai ba ya fitar da kwamfuta sai lissafinsa ya nuna masa riƙe ta ya fi sayen sabuwa tsada. Abin da ya zama masa kaya shi ake lodawa a kwantena a kawo mana, a ɗauki hoto. Ban ce a ƙi karɓa ba. Inji mai shekara goma yana iya rubutu, yana iya lissafi, yana iya koyar da yaro. Amma wanda ya ba ka tsohon jaki ya kuma ce gobe ka riga mota isa kasuwar Balayara, ba taimakonka ya yi ba.

Kuma kada mu ɗauka wannan ciwon talauci ne kawai. Koriya ta Kudu, ƙasar Samsung, ta faɗa ramin nan da ƙafafunta. Tun 1999 tsarinta na shaidar sa hannu ta intanet ya dogara da ActiveX, har ya zama shekara da shekaru ɗan Koriya ba ya iya shiga bankinsa ko sayayya sai da Internet Explorer, ko wane irin inji ya saya. Sai a 2020 suka sauya dokar da ta ɗaure su. Afirka ta Kudu ta fi kusa da mu. Tun Yulin 2017 kamfanin Adobe ya ce zai kashe manhajarsa Flash a ƙarshen 2020. Hukumar harajin ƙasar, SARS, tana da takardun da ba sa buɗuwa sai da Flash. Shekara uku da rabi suna da labari. Ranar ta zo, a Janairun 2021 takardu suka ƙi buɗuwa, sai hukumar ta fito da mashigi nata na kanta, wanda aka bar mataccen Flash a cikinsa, ta ce masu biyan haraji su sauke. Jama'a sun yi musu dariya, kuma sun cancanta, don ba a fafe gora ranar tafiya. Amma ku lura da abu guda: ba su ce ƴan ƙasa ne ba su iya ba. Sun san kayan nasu ne, suka ɗauka. Kuma can akwai ƴan jarida da akantoci da suka tada ƙura cikin kwana biyu. Mu nan wa zai tada? Sakataren da ke tsoron a ce shi ne ya ɓata injin gwamnati?

Akwai abin da ya fi ɓata lokaci muni. Ma'anar "an janye tallafi" ita ce in aka gano ƙofa a bangon manhaja, ba mai zuwa ya toshe. A ranar 12 ga Mayu 2017 ƙwayar WannaCry ta bazu a ƙasashe fiye da 150, tana kulle fayilolin mutane tana neman fansa. A Ingila asibitocin gwamnati sun soke ganin marasa lafiya wajen 19,000. Abin haushin, maganin ƙofar da ta bi ya fito tun watan Maris, injunan ne ba a sabunta ba. Waɗancan suna da magani ba su sha ba. Namu injunan yanzu ko maganin ba a yi musu. Ku tuna kuma abin da ke cikinsu: sunayen mutane, sunayen iyayensu, garuruwansu, lambobin waya, wa ke aiki da wa. A yankin da ake bin mutum har gida don an ce yana hulɗa da hukuma, irin wannan jeri ba abin wasa ba ne. Kilen da ke yawo tsakanin ofis da sibar da shagon fotokofi, yau a wannan inji gobe a wancan, shi ne babbar hanyar cuta. Mafi muni, mun koya wa ma'aikaci cewa jan gargaɗi abu ne da ake dannawa a wuce, tunda in bai wuce ba aiki ba ya yiwuwa. Ranar da gargaɗin zai zama na gaske, hannunsa ya riga ya saba.

Na san amsoshin da za ku ba ni, don na ji su a fada wajen shayi. Na farko: a sa Linux. Ina tare da ku rabin hanya. Akwai ire-iren Linux marasa nauyi da ke tada tsohon inji, su ba shi Firefox na yau, kyauta, ba sata. Da a ce duk shafukan aiki an gina su bisa ƙa'idar da kowane mashigi ya sani, da wannan ya kashe maganar. Amma ActiveX ba ya zama a Linux. Ka sa wa yayana Linux, rahoton wata ya tafi, rajista ya mutu. Na biyu: ai Edge yana da wani lungu da ke kwaikwayon Internet Explorer, kuma Microsoft ta ce zai kai aƙalla 2029. Gaskiya ne, amma gatan mai sabon Windows ne. A kan na 7 shi ma Edge a 109 ya tsaya. Na uku, na gwanayen sibar: a sa Windows 11 na fashi. Windows 11 yana neman wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0 da ƙwaƙwalwar da yawancin injunan nan ba su da ita, kuma wanda ya fasa maka manhaja kyauta ba ka san abin da ya cusa a ciki ba. Wannan za ka ɗora a kan rajistar jama'a? Na huɗu, a sayi sababbi. Madalla, in akwai kuɗin. Amma sabon inji a gaban tsohon shafi jinkirta ranar kawai ya yi, kuma duk wanda ya ga yadda kuran ya zama abin nema bayan Najeriya ta yanke mana wuta a watan Agustan 2023 ya san ba inji ne kaɗai abin da ofis ke jira ba. Dabarun nan duka ana yin su ne a ƙasa, alhali ɓarakar a sama take, a wurin mai shafin.

Yanzu bari in taɓa wurin da ya fi yi mini ƙaiƙayi, tunda harshe nake karanta. Ku gwada rubuta ƙ ko ɗ ko ɓ ko ƴ a irin waɗannan tsofaffin shafuka. Wani lokaci akwati ne zai fito, wani lokaci alamar tambaya. Haruffan nan suna cikin Unicode, babban kundin haruffan duniya na kwamfuta, tun farkon shekarun 1990. Ma'aikatar iliminmu ta tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa da su a 1999. Amma manhajar da aka gina da tsohon tsarin haruffan Yammacin Turai ta san é da ç, ba ta san ƙ ba. Sai ma'aikaci ya cire lanƙwasa don takarda ta wuce: ƙasa ta zama kasa, ƙafa ta zama kafa, "an ƙare aiki" ya zama "an kare aiki", ka rasa gamawa aka yi ko tsarewa. Ba Hausa kaɗai ba. A Damana Zabarmanci ne harshen gida da kasuwa, kuma yana da ŋ da ɲ. Buzayen Bonkuku suna da ǝ da ɣ. Fulani suna raba ɓ da ɗ da ƴ da mu. A watan Maris 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Na ji masu murna, na ji masu ƙorafi, kuma a garinmu duka biyun suna shan shayi a fada ɗaya. Amma ko wane ɓangare kake, tambayata ɗaya ce: harshen ƙasa da rajistar ƙasa ke mayar da haruffansa alamar tambaya, a ina zai zauna? An rubuta shi a kundi, maɓalli bai ji labari ba.

Abin da nake nema ba ya buƙatar tallafin kowa daga waje. Duk hukumar da ta tilasta wa ma'aikaci shiga wani shafi, ita ke da alhakin shafin ya buɗu a injin da ita da kanta ta ba shi; in bai buɗu ba, laifin jinkiri nata ne, a rubuta haka. Kada a ƙara karɓar manhaja daga hannun ɗan kwangila a ɗakin taro na Yamai. A ɗauko shi a mota a kawo shi Damana, a zaunar da shi gaban mafi tsufan inji, da rezon da ke akwai a ranar, ya shigar da sunan Ɗanladi da ɗ ɗinsa ya buga takarda ta fito. Ta fito, a biya shi. A kuma karɓi asalin rubutun manhajar a ajiye a hannun ƙasa, da kuɗin kula da ita a kasafi, yadda ake ware kuɗin man mota. Kuma har ranar da za a gyara, a bar wa takarda da biro hanyarsu, kada a ce dosiyen yarinya ya faɗi don maɓalli ya ƙi.

Mu kuma, tunda hutu na zuwa, akwai aikin da ya fi dariya. Kowane ɗayanmu yana da ɗan'uwa ko maƙwabci a wani ofishi, ko lakkol, ko ɗakin shan magani. Ku je ku gaishe shi, ku roƙi izini, ku rubuta abu huɗu a takarda: wane Windows ke kan injin, wane mashigi da lambarsa, wane shafin aiki ke buɗuwa, wane ke ƙi. Kada ku taɓa fayil ɗin kowa, kada ku rubuta sunan ma'aikacin, don kada a juya abin a kansa. In mun dawo mu haɗa, mu buga a fitowa ta gaba gari-gari, daga Tondikandiya har Kurfai, mu kai kofi ga duk wanda ke da hannu a kai. Wanda zai biyo ta Yamai kuma ya tsaya wurin masu gyaran agogo ya sayo batirin nan, lambarsa CR2032, guda biyu ko uku. Sukurudireba ɗaya da minti biyar sun isa a sauya shi, amma a kashe injin a zare waya daga bango tukuna.